Shedar mai wankan gawa

Kakana ya rasu ran Talata da hantsi, kafin azahar gidanmu ya cika har akuyar Inna ta rasa inda za ta sa ƙafa. Ni na ce rabin Agadas ne suka zo. Inna ta ce in ji tsoron Allah. To, a rage kaɗan. Abin da ba zan rage ba shi ne yadda suka zo. Wasu sun shigo sun zauna, sun yi kuka na gaske. Wasu kuwa daga bakin ƙofa suka jefo "Allah ya jiƙansa", suka waiga dama da hagu, suka yi gaba, saboda wata mota mai ruwan ƙasa da ke tsaye a ƙarshen lungunmu tun safe, ba wanda ya san abin da take jira.

A ɗakin mata wata tsohuwa ta ce, "Ya tafi da asirin kowa." Ta sauke ajiyar zuciyar da ta kusa ɗage labule. Na tuna Kaka ne ya wanke mijinta. Wata kuma ta rage murya ta ce, "Sau ɗaya tak ya buɗe baki, kun ga abin da ya jawo wa kansa." Gwaggona, 'yar Kaka ta biyu, tana zaune a jikin bango. Ta ɗago kai ta dube ta kawai. Nan take matar ta tuna ta bar tukunya a kan wuta.

A wajen maza liman ya yi dogon yabo, ina jinsa ta kan katanga. Ya yabi shirun Kaka, ya yabi haƙurinsa, ya sake komawa kan shirun. Ban ji ya ambaci ranar da Kaka ya yi magana ba. Shi ya sa na yage tsakiyar littafina na lakwal, wato makaranta, na zauna rubutu. Shekarata goma sha biyar, kuma duk unguwarmu ta Dagmanet an san ni da ƙara wa zance gishiri. Wannan karon zan yi ƙoƙari.

Kaka baduku ne, takalman fata yake ɗinkawa a zaure. Amma aikin da aka san shi da shi, wanda bai taɓa karɓar ko dabino a kansa ba, shi ne wankan gawa. Idan namiji ya mutu a unguwarmu, kafin a gaya wa liman an gaya wa Kaka. Yana da wata jakar fata a rataye bayan ƙofa, cikinta garin ganyen magarya, kafur, auduga, da tsumman da yake naɗewa a hannu. Ko kaza ba ta kusantar jakar nan. Idan ya dawo, sai ya yi wanka, ya zauna ya ɗauki basillarsa, kamar kasuwa ya je.

Bai taɓa faɗin abin da ya gani a jikin mamaci ba. Ko da wasa. Ni kuwa da yake jikarsa ce, "amarya" yake ce mini, ina ce masa "angona", na ɗauka ina da ikon tatsarsa.

"Angona, don Allah, gaskiya ne Alhajin nan mai rowa da layar kuɗi a ɗaure a cinya aka same shi?"

"Amarya, bakinki ya fi ƙofar gari faɗi. Raƙumi da kayansa zai wuce bai goga ba."

"Ni fa matarka ce. Miji ba ya ɓoye wa matarsa."

"Shi ya sa zan sake ki bayan la'asar."

Ya sake ni ya fi sau dubu. Kullum da safe kuma in kawo masa shayi ya ce ya mayar da ni, don babu mai iya zama da ni sai shi. Sau ɗaya na matsa masa da gaske, sai ya aje takalmin da ke hannunsa ya ce, "Mamaci ba ya iya jan zane ya rufe kansa. Ni ne hannunsa." Daga nan na bar zancen, na kwana biyu.

Lokacin da fari ya yi tsanani, aikinsa ya yawaita, ruwa ya yi wuya. Mutumin da ya saba wanke gawa da tulu uku ya koma yi da ɗaya. Akwai ranar da wani baƙo makiyayi ya mutu a bayan gari, dabbobinsa sun ƙare, ba wanda ya san sunansa. Kaka ya ɗauki ruwan shan gidanmu na ranar gaba ɗaya ya tafi da shi. Inna ta yi ta faɗa. Ya ce mu muna iya zuwa pampo mu yi jeri, shi baƙon ba ya iyawa.

Mijin Gwaggo ɗan ayari ne, gishiri da dabino yake ɗaukowa daga Fachi. Farin ya cinye masa raƙuma ɗaya bayan ɗaya, har ya koma tsayawa jeri a bakin magaza inda ake rabon jar dawar taimako, da takardar rabo a hannu kamar kowa. Lokacin soji ne ke mulki, har yanzu ma su ne. Ba a taruwa a yi ƙorafi. Amma yunwa ba ta jin sanarwar rediyo.

Ranar da abin ya faru ina wurin. Inna ta aike ni in riƙe mata wuri, ni kuma na hau katanga don in fi kowa gani. Wajen hantsi aka ce dawa ta ƙare, aka fara rufe ƙofa. Mutane suka turo. Polis suka shiga dukan na gaba da bulala. Na ga mijin Gwaggo yana ɗaga takardarsa yana magana da wani polis siriri, yaro ne ma, bai fi yayana da yawa ba. Ban ji abin da suka ce ba. Na ga ya tofar da yawu a ƙasa, ya juya, ya saɓa buhunsa wanda babu komai ciki, ya yi taku uku ko huɗu. Sai ƙara. Ya faɗi da fuska.

Harbi ɗaya ne. Na rubuta shi nan don a gani.

Amma da yamma, da mata suka kewaye ni suna tambaya, na ce uku. Washegari a pampo na ce bakwai, na ƙara da cewa polis ɗin yana dariya. Ban san me ya sa ba. Ɗaya ya yi mini kaɗan ga abin da na gani.

Polis ɗin su suka kawo gawar a naɗe cikin bargo, suka ce a gaggauta. Mu ma ai ba ma barin mamaci ya jira. Kaka ya shiga ɗaki da jakarsa, da wani tsohon kurma mai zuba masa ruwa, kafin la'asar an rufe. Ba wanda ya yi tunanin a tsaya wani ya duba, a rubuta. Daga baya muka ji su sun rubuta tasu takardar. Wai mijin Gwaggo ya zaro wuƙar hannu ya yi kan polis, shi kuma ya kare kansa, harsashi ya same shi a ƙirji. Lokotoro, wato likita, ya sa hannu. Sati bai cika ba aka soke takardar rabon gidan Gwaggo, wai iyalin mai tayar da fitina ne. 'Ya'yanta huɗu suka dawo cin tuwo gidanmu, yara a lungu suna ce musu 'ya'yan mai wuƙa.

Gwaggo ta yi takabarta. Ranar da ta fita, ba gidan 'yan'uwa ta fara zuwa gaisuwa ba, jistis ta nufa. Ta ce ƙarar gwamnati za ta kai, a biya diyyar uban 'ya'yanta, a kuma goge wuƙar nan daga takarda. Babana ya ce ta haukace. Maƙwabta suka rage shigowa aron wuta. Amma ta sami wani aboka, wato lauya, daga Yamai, matashi mai gilashi, wanda ya yarda ya riƙe mata shari'ar.

Da ya zo gidanmu, ni ya fara kira. Na sa zanen salla, na shirya zan girgiza gwamnati.

"Madmazel, harbi nawa kika ji?"

"Ɗaya."

"A kasuwa an ce mini kin ce bakwai."

"To, wataƙila uku."

Ya cire gilashinsa ya goge, ya rufe littafinsa. Ya ce da Gwaggo idan ya kai ni gaban alƙali, mutumin gwamnati zai kawo mata goma su rantse kowacce da irin adadin da na gaya mata. Sauran waɗanda suka cika filin magaza kuwa, abin mamaki, duk ƙasa suke kallo a ranar. Ban zarge su ba. Kowa da takardar rabonsa a aljihu. Tsohon kurman nan kuma ya bi 'ya'yansa kudu neman abinci.

Aboka ya ce, "Wa ya ga gawar ba riga?"

Duk muka dubi zaure, inda ake jin ƙarar Kaka yana buga fata.

Rigimar a tsakar gida aka yi ta, da rana tsaka, ina tankaɗe. Gwaggo ta durƙusa a gabansa.

"Baba, kai ka juya shi da hannunka. Ka faɗi inda harsashi ya shiga, shi ke nan."

"Shekara arba'in ban faɗi na kowa ba."

"Wannan ba kowa ba ne, surukinka ne."

"A kan tabarmar wanka ba ni da suruki. Duk ɗaya suke. Idan na ɗaga zanen ɗaya, wa zai sake kwanciya a hannuna hankali kwance?"

"Matattu ba su da hankalin da zai tashi, Baba. Masu rai ne ke kwana da yunwa."

"Ki yi haƙuri. Allah ya gani."

"Allah ya gani, kai ma ka gani. Shi ba za a kira shi jistis ba." Inna ta ce subhanallahi, ta toshe baki. Gwaggo ba ta tsaya ba. "Asirin wa kake rufewa? Na mijina, ko na wanda ya harbe shi?"

Kaka ya tashi ya koma zaure. Daga ranar Gwaggo ta daina gaishe shi da baki, sai ta durƙusa ta tashi. Gidan ya yi shiru har ana jin cikin kowa yana kuka. Ni na ga abin ya yi yawa, na ce bari in gwada tsohuwar dabarata. Na kai masa shayi na zauna.

"Angona, ba sai ka faɗa ba. Idan a baya ne, ka yi tari sau ɗaya. Idan a gaba ne, ka yi atishawa."

Bai yi dariya ba. Bai ma ce mini amarya ba. Ya ce, "Ke Allah ya ba ki gani da idonki, kika ɓarar da shi a rairayi. Yanzu nawa kike nema." Na tashi na shiga bayan ɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Ana saura kwana tara a zauna shari'a wani mutum ya yi sallama. Farar riga ya sa, hula mai kyau, da kan sukari da ganyen shayi a hannu. Kaka baduku ne, ƙafa yake fara dubawa. Ni ma na duba ta ramin ƙofa. Takalmin masu kaki ne. Mutumin ya zauna ya sha finjali uku, yana ta zuba ladabi. Ya ce a sama an san Malam, an san mutum ne mai riƙon amana, wanda bai taɓa tona asirin mamaci ba. Ya ce irinsu ƙasa ke bukata a wannan lokaci mai wuya. Ya ce yana fatan jikokin Malam suna samun rabonsu lafiya, ya kuma faɗi yawanmu daidai, har da jaririn da aka haifa watan jiya.

Da ya tafi, Kaka ya daɗe yana kallon kan sukarin. Sannan ya kira Inna ya ce ta kai wa makafin bakin kasuwa. Inna ta ce a wannan yunwar? Ya ce, "Yau an yabi shiruna, na ji yana wari."

Washegari da sassafe ya tafi maƙabarta shi kaɗai. Mai haƙar kabari ne ya gaya wa babana daga baya cewa ya gan shi tsugune a kan kabarin surukinsa, yana cewa, "Zan ɗaga zanenka a gaban mutane. Ka yafe mini." Da ya dawo ya tsaya a ƙofar ɗakin Gwaggo ya ce, "Ki gaya wa mai gilashin nan ya rubuta sunana." Ita kuwa ta tashi ta ɗora ruwan shayi.

Ranar shari'a ɗakin ya cika, amma da waɗanda ba mu sani ba. 'Yan unguwarmu uku ne kacal, ɗaya ma a bakin ƙofa ya tsaya don ya ji daɗin gudu. Polis ɗin nan siriri yana zaune a gaba, kakinsa a goge, yana ta murza hularsa. Alƙali yana magana da Faransanci, mai fassara yana juyawa.

Da aka kira Kaka, abin da ya fara roƙo shi ne a fitar da mutane. Ya ce ba a buɗe mamaci a gaban taro. Mutumin gwamnati ya yi dariya ya ce ina mamacin? Alƙali ya ce doka ba ta ba shi wannan ba, amma ya sa aka rufe tagogi. Kaka ya yi magana ƙasa ƙasa, har sai da mai fassara ya sunkuyo da kunnensa kusa da gemunsa. Alƙali ya ce ya nuna wurin a jikinsa. Ya ƙi. Aka ce to ya nuna a jikin mai fassara. Mai fassara ya ja da baya tun kafin ya fassara. Kaka ya ce ba a gwada raunin mamaci a jikin mai rai. Ya duba, ya ga wata kujera ba kowa a kai, ya juya ta, ya ɗora ɗan yatsa a bayanta, ɓangaren hagu.

"Nan ya shiga. Ramin ƙarami ne, auduga kaɗan ta toshe shi." Ya zagayo ta gaba ya buɗe tafin hannunsa. "Nan ya fita. Nan sai da na ninka tsumma."

Gwaggo ta damƙe hannuna har na ji ƙashina ya yi ƙara.

Mutumin gwamnati ya miƙe. "Tsoho, kai lokotoro ne?"

"A'a."

"To lokotoro ya ce a ƙirji ne. Ka fi shi sani?"

"Ban fi shi karatu ba. Amma bai juya shi ba."

"Yaya aka yi ka sani?"

"Rigar ta manne da bayansa, jini ya bushe da ita. Sai da na jiƙa ta da ruwan ɗumi kafin ta saki. Ba wanda ya ɗaga ta kafin ni."

"Wuƙa fa? Duk 'yan ayari suna ɗaura wuƙa a hannu."

"Wanda ke ɗaura wuƙa, igiyar tana bar masa zane a damtse. Nasa ya shafe. Ya daɗe da sayar da ita."

Polis ɗin ya daina murza hula. Aka karanta wa Kaka abin da ya faɗa, ya dangwala yatsa a tawada ya sa a takarda.

Da muka dawo gida bai zauna ba. Ya sauke jakar fatar nan daga bayan ƙofa, ya kai wa wani almajirinsa na dukanci, magidanci mai 'ya'ya, ya ce daga yau shi za a riƙa kira. Liman da kansa ya zo ya ce masa malamai sun halatta faɗin irin wannan don a tsayar da gaskiya, ba laifi a kansa. Kaka ya ce ya sani. Ya ce halal ne, amma hannun da ya nuna ba zai koma ya rufe ba. Mutane sun zo da kuka suna roƙonsa ya wanke musu uba ko ɗa. Ya raka su har ƙofar gidan mamacin, ya zauna a waje.

Sau biyu aka kira shi kwamisariya, ofishin polis. Ba su taɓa shi ba. Benci suka ba shi a tsakar rana, daga safe har la'asar, sannan su ce shugaban bai samu zuwa ba, ya tafi gida. Bayan na biyun ne ya fara tari. Na ce masa yanzu kuma da ba a tambaye shi ba yake ta amsawa. Ya yi dariya har tarin ya sarƙe shi, ya ce, "Amarya, na sake ki." Na ji daɗin sakin nan fiye da duk na baya.

Hukunci ya fito yana kwance. Alƙali ya ce ta baya aka harbe shi, babu hujjar wuƙa, gwamnati ta biya diyyar marayu. Gwaggo ta kawo takardar ta durƙusa ta ce, "Baba, sannu." Ya ce, "To." Ba mu gama murna ba aka ce gwamnati ta ɗaukaka ƙara zuwa Yamai, ba za a ba da komai ba sai an sake zama, takardar rabo ma ba a mayar ba. Alƙalin kuma aka ɗauke shi aka kai wani gari mai nisa. Kaka bai ƙara wata biyu ba.

Allah ya jiƙan angona. Ya sa a lulluɓe shi da irin zanen da ya lulluɓe bayin Allah da shi, ya shayar da shi ruwan da ba a jeri a kansa.

Jiya aka yi sadakar uku. Ana cikin rabon waina sai wani polis ya yi sallama a ƙofa, da takarda a hannu. Kafin ya rufe baki tabarmar maza ta koma rabi, wani ya bar takalminsa ƙafa ɗaya. Polis ɗin ya karanta sunan Kaka, ya ce ana kiransa Yamai ran goma ga wata, ya maimaita shedarsa a gaban manyan alƙalai, kuma dole wanda aka kira ya sa hannu. Sai Gwaggo ta fito daga ɗakin mata da mayafinta.

"Ɗana, gidan makoki ka shigo. Zauna ka yi masa fatiha tukuna."

Ya dubi takardar, ya dubi tabarma. Ya cire hula ya zauna, ya ɗaga hannu, mu ma muka ɗaga. Da aka shafa, Gwaggo ta karɓi takardar, ta dangwala yatsanta.

"Ka ce musu an riga su kiransa. Ni zan zo."

Ta juya ga babana ta ce ya je tasha ya tambayo mata ranar da kamiyon Yamai ke tashi.